Karen da Bai Yi Haushi Ba: Labaran Bincike da Koyon Karatu a Ƙasar Katagum

Daga shekarar 2015, shirin NEI Plus, wanda hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyinsa, ya shiga makarantun firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato da littattafan Mu Karanta, domin 'yan aji ɗaya zuwa uku su iya haɗa baƙi da wasali cikin Hausa. Aiki ne mai muhimmanci, amma iyakarsa ke nan: ya kai yaro bakin ƙofa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, yaron da ya iya haɗa baƙi, me zai sa ya ci gaba da karatu in malam ya fita daga aji? A ƙaramar sakandare, a Azare ko Gamawa ko Yana, abin da ɗalibi ya fi gamuwa da shi bai wuce littafin darasi da rubutun allo da zai kwafa ba. Yakan iya furta kalmomin shafi tsaf, a tambaye shi dalilin da ya sa wane ya yi kaza a cikin labarin, sai ya yi shiru. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, labaran binciken laifi irin na dauri na daga cikin abubuwan da suka fi dacewa su cike wannan giɓi, muddin ta hanyar Hausa suka shigo, kuma aka ɗora su a kan abin da yaran suka riga suka sani.

Masana adabin Turai sukan fara tarihin wannan nau'i daga Edgar Allan Poe a 1841, sannan Arthur Conan Doyle, wanda ya fito da Sherlock Holmes a 1887, sai Agatha Christie daga 1920. Abin da ya haɗa su shi ne wata yarjejeniya tsakanin marubuci da mai karatu, wadda Ronald Knox ya tsara cikin ƙa'idoji goma a 1929: duk alamar da mai bincike ya gani, dole a nuna wa mai karatu ita kafin a warware ƙulli. Amfanin wannan ga malami a fili yake. Labarin soyayya ana iya tsallake shafi uku ba a rasa zare ba. Labarin bincike kuwa, wanda ya tsallake jimla ɗaya ya faɗi, kuma da ya kai ƙarshe shi da kansa zai koma baya ya ga inda aka shammace shi. Maimaita karatu, wanda malamai ke fama da ɗalibai a kansa da bulala da roƙo, a nan son sani ne ke sa a yi shi.

Mu ɗauki labarin Silver Blaze na Doyle, wanda aka buga a 1892. Dokin tsere ya ɓace daga barga cikin dare, an tsinci gawar mai horar da shi a fili, an kuma tarar da yaron da ke gadi a buge, an zuba masa maganin barci cikin abinci. Holmes ya lura da abubuwa biyu da 'yan sanda suka raina: karen barga bai yi haushi ba a daren, sannan wasu tumaki na gidan sun fara ɗingishi ba gaira ba dalili. Kare bai yi haushi ba domin wanda ya kwance dokin ɗan gida ne. Tumakin kuwa, a kansu mai horarwar ya gwada yankan jijiya, da niyyar ya gurgunta dokin don ya ci caca, sai dokin ya harbe shi ya mutu. Yanzu a kai wannan labari ajin da rabin yaransa ke kora tumaki kiwo in an tashi makaranta, a garin da ake hawan salla, inda kowa ya san doki da haurinsa. Ɗalibin Landan na yau sai an yi masa bayanin barga. Ɗan Guddiri, wato ɗan ƙasar Katagum, yana iya riga Holmes gano maganar tumakin. A nan ilimin gida ya zama jarin karatu, kuma ba kasafai littafin makaranta ke ba yaron ƙauye wannan dama ba.

Wani zai ce ai wannan shigo da al'adar Bature ne ta ƙofar baya. Amsar ita ce, dabarar gano gaskiya daga alama ta daɗe a hannunmu. Duk yaron da ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya ji ƙissar Annabi Yusuf, inda aka gane mai gaskiya daga gefen da riga ta yage. Ya ji hukuncin Annabi Sulaiman tsakanin mata biyu masu jayayya a kan jariri. Littattafan tarihin Larabawa, irin na Ɗabari da Mas'udi, sun kawo labarin 'ya'yan Nizar huɗu da suka siffanta raƙumin da ba su taɓa gani ba, har da cewa ido ɗaya gare shi, daga sawunsa da yadda ya ci ciyawa. A Dare Dubu da Ɗaya, Haruna Rashid ya ba wazirinsa Ja'afar kwana uku ya nemo wanda ya kashe matar da aka tsinto cikin akwati a kogi. Masu bin sawu kuwa, waɗanda ake kira in an kore shanu cikin dare, ba daga littafi suka koya ba. Malamin da ya fara da raƙumin 'ya'yan Nizar kafin ya kawo Holmes bai gabatar da baƙo ba.

Wasu harsunan Afirka sun riga mu gwadawa. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya ƙirƙiri mai bincike Bwana Msa cikin Mzimu wa Watu wa Kale, wanda aka buga a 1960, ya kuma zama littafin da ɗaliban Swahili suka daɗe suna karantawa. Yarabawa na da nasu masu binciken: Lapade na Oladejo Okediji tun 1969, da Akin Olusina na Kola Akinlade. Ƙagaggun labaran Hausa sun bi wata hanya. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labaran yawo da yaƙi da ƙaddara. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya taɓo fasa-ƙwauri, adabin kasuwar Kano kuma ya cika da soyayya da zaman aure, da wasu labaran 'yan fashi da jami'an tsaro. Amma labarin da aka gina bisa alamu, wanda mai karatu ke gasa da mai bincike, bai samu wurin zama sosai ba. Manyan da suka taso da James Hadley Chase da jerin Pacesetters sukan haɗa waɗannan da labarin alamu wuri guda, alhali Chase bindiga da mota da mata ne, ba abin da ake nufi a nan ke nan ba.

Akwai ƙorafe-ƙorafen da ya kamata a saurara. Turancin Doyle na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, ya fi ƙarfin ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. A miƙa masa shi ɗanye, an ƙara masa ƙin littafi. Cikin wasu labaran akwai raini ga mutanen Indiya da Afirka, akwai kuma hodar Iblis da Holmes ke yi wa kansa allura da ita, abin da babu uban da zai so a kai wa ɗansa. Zaɓe ne maganin wannan, da kuma tattaunawa. Hatta kurakuran marubucin abin amfani ne: a The Speckled Band, maciji yana shan madara, yana amsa fito, yana hawa igiya ya sauko. A bar ɗaliban da suka san kububuwa da gamsheƙa su yanke hukunci ko hakan zai yiwu. Yaron da ya kama marubuci da kuskure ya fara karatun nazari, ko bai san sunansa ba.

Wa zai yi aikin? Azare na da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, inda ake horar da malaman da za su tsaya gaban waɗannan azuzuwa, ga jami'ar jiha a Gaɗau. Doyle ya rasu a 1930, don haka haƙƙin mallakar labaransa ya ƙare, kowa na iya mayar da su Hausa ba tare da neman izini ba. Na Christie, wadda ta rasu a 1976, suna ƙarƙashin kariya tukuna. Ɗaliban Hausa na kwalejin na iya ɗaukar gajerun labarai goma su baddala su yadda Abubakar Imam ya yi da labaran Larabawa da na Turai cikin Magana Jari Ce: barga ta koma ta wani hakimi, mai bincike ya zama tsohon muhutin alƙali, bayanin labari ya kasance cikin daidaitacciyar Hausa, masu magana kuma a bar su da Guddirancinsu. In sun fita koyarwar gwaji, su karanta labari a aji, su tsaya kafin warwara, kowane rukuni ya rubuta wanda yake zargi da layin da ya dogara da shi. Kuɗin da wannan ke bukata bai wuce na buga shafi shida ko takwas ga kowane benci ba.