Kano ta faɗaɗa, 'yan kwana-kwana na nan inda suke

Aikin kashe gobara a Najeriya a hannun 'yan sanda ya fara, a Legas, a shekarar 1901. Sai a 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya, daga baya kuma jihohi suka kafa nasu. Mu da muka yi wannan aiki a Kano, tsarin da muka gada daga magabatanmu an yi shi ne don gari mai iyaka: cikin Birni, Fagge, Sabon Gari, Nasarawa da masana'antun Bompai. Daga tashar kashe gobara zuwa inda wuta ta tashi tafiya ce ta 'yan mintoci.

Sai gari ya ɓalle. Gonakin Ungogo da Kumbotso suka koma gidaje, unguwanni irin su Bachirawa, Rimin Kebe, Rijiyar Zaki da Mariri suka cika maƙil, kuma da yawan filayen awon igiya ne. Mai gona ya yanka ya sayar, kowa ya yi gini har bakin iyakarsa. Ba a bar titi ba, balle filin tasha.

Mu muka san wahalar wannan. Mota za ta ratso cunkoso da jiniya, ta zo ta tsaya a bakin lungun da Adaidaita Sahu ma da ƙyar take shiga. Ga hayaƙi muna gani, ga mata suna salati, ba hanya. Sai mu diro mu riƙa jona mesa da mesa, muna ja a ƙafa. Kafin ruwa ya isa ƙarfinsa ya ragu, rufin ɗaki kuma ya riga ya rufta. Tankin mota 'yan mintoci yake yi ya ƙare, sababbin unguwannin nan kuwa ba bututun ruwa, da rijiya da 'yan garuwa suke rayuwa. Dole mu juya mu ɗebo. A nan ne ake cewa mun zo ba ruwa, wani lokaci har da jifa. Ba na ganin laifin mai kuka, amma wanda ake jifan ba shi ya yanka filin ba.

Gobarar kasuwa ce ke tayar da hankalin manya. Da wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, ƙasa duka ta ji. Ta gida kuwa, wadda kaskon wuta ke haddasawa da hunturu, ko hita da aka manta a jone aka kawo wuta tsakar dare, ita ke cin rai, kuma a bayan gari ta fi ƙamari saboda nisa.

Sayen manyan motoci kaɗai ba zai magance wannan ba. Ƙananan tashoshi ake buƙata a cikin unguwanni, kowace da rijiyar burtsatse da tankinta, da ƙaramar motar da za ta iya shiga lungu. Masu unguwanni da dagatai, don Allah kada ku sa hannu a cinikin gonar da za a yanka sai an ware titi da filin tasha.