Tarihin Rubuta Gajerun Wasannin Kwaikwayo a Ƙasar Hausa

Wasan kwaikwayo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Abin da yake baƙo shi ne ajiye shi a takarda. Tun kafin zuwan Turawa yara suna yin tashe da azumi, ana kuma yin wasan gauta a fada. Ga kuma ɗan kama, wanda yakan tsaya shi kaɗai a bainar jama'a yana kwaikwayon malami mai wa'azi, alhali duk karatunsa a kan tuwo da nama yake. Waɗannan wasanni a ka ake riƙe su, kuma da baki ake gadonsu.

Makarantun boko su ne suka fara jawo bukatar a rubuta. Malami yana son ɗan gajeren wasa, mai 'yan wasa kaɗan, wanda ɗalibai za su iya haddacewa su nuna a ƙarshen zango. Don biyan wannan bukata ne Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya fitar da littafin Six Hausa Plays a 1936, wato wasanni shida a cikin kundi guda. Bayansa Abubakar Tunau ya wallafa Wasan Marafa a 1949, inda ya nuna amfanin tsafta da ilmin zamani.

Sai dai ba duk abin da aka rubuta a wancan zamani ne ya kai ga maɗaba'a ba. Malam Aminu Kano ya tsara gajerun wasanni tun yana ɗalibi, ya ci gaba kuma yana malamin makaranta, yana sukar zalunci da cutar talakawa, amma ba a buga su ba a lokacin. Saboda haka Wasan Marafa ya shiga ajujuwa, su kuwa na Malam Aminu yawancin ɗalibai sunayensu kaɗai suke ji.

Rediyo ita ce ta zo da mataki na biyu. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi ta rediyo aka fara jin su, kafin a tattara biyu daga cikinsu, Malam Maidala'ilu da 'Yar Masu Gida, a littafin Zamanin Nan Namu a 1959. Da aka kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966 sai ƙofa ta ƙara buɗewa: Uwar Gulma na Mohammed Sada ya fito a 1968, Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina kuwa a 1979.

Duk da haka, ƙungiyoyin wasa da yawa, na dandali da na talabijin, a Nijeriya da Nijar, ba su dogara da rubutu ba. Akan shirya ƙashin labari, a raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan ɗan wasa ya zuba magana daga kansa. Wannan hanya ta ba wasan armashi da daɗin Hausa, amma idan ba a ɗauki wasan a faifai ba, ko faifan ya lalace, to, ya tafi ke nan.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ya shafi ɗalibi da ma'aikacin hukuma baki ɗaya. Wasan da aka buga a littafi wata ƙungiya takan ɗauka ta sake nunawa bayan shekara hamsin. Saboda haka tattara rubuce-rubucen da suka rage a hannun tsofaffin 'yan wasa da gidajen rediyo, a buga su, aiki ne da ya rataya a wuyan jami'o'i da hukumomin raya al'adu, tun masu riƙe da su suna raye.