Tashar Jirgin Ƙasa ta Clifden

Tashar Clifden tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce a garin Clifden, cikin yankin Connemara na gundumar Galway, a yammacin ƙasar Ireland. Kamfanin Midland Great Western Railway ne ya buɗe ta ranar 1 ga Yuli, 1895. A nan layin dogon da ya taso daga birnin Galway ya tsaya, bayan tafiyar kimanin kilomita 78.

Gwamnatin Birtaniya ce ta tallafa da kuɗin aikin, bisa dokar 1889 ta shimfiɗa layukan dogo a yankunan da talauci ya yi wa katutu. Jirgin ya riƙa ɗaukar kifi, dabbobi da masu yawon buɗe ido, yana bi ta Oughterard, Maam Cross da Recess.

A 1925 layin ya koma hannun kamfanin Great Southern Railways. Ƙarancin fasinjoji, tsadar gyara da yawaitar motoci suka sa aka rufe shi a watan Afrilu, 1935, aka kuma kwashe ƙarafan dogon.

Gine-ginen tashar suna nan har yau. An mayar da harabar tashar ta zama otal, shagon ajiye injin jirgi kuma ya zama gidan tarihi.