Gyaɗa a kilishi da batun janye kayan nama daga kasuwa

Janye kaya daga kasuwa mataki ne da kamfani ko hukuma ke ɗauka idan aka gano abincin da ya riga ya isa hannun jama'a na iya cutar da mai ci. A kayan nama, ɗaya daga cikin manyan dalilan shi ne rashin rubuta wani haɗi mai tayar da borin jini a jikin leda ko kwali, ko da naman lafiyarsa ƙalau.

A Amurka, sashen FSIS na ma'aikatar noma ke sa ido kan irin wannan janyewa. Dokar 2004 ta lissafa nau'o'in abinci takwas da wajibi ne a bayyana su, ciki har da gyaɗa, madara, ƙwai da alkama. Riɗi ya zama na tara daga Janairun 2023.

A Najeriya, alhakin yana wuyan NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Ƙa'idojinta sun wajabta bayyana irin waɗannan haɗe-haɗe a kan abincin da aka rufe a leda ko kwali.

Sai dai labun da ake tsoma kilishi a ciki da tunkuza ake yin sa, yajin tsire kuma da ƙuli-ƙuli. A Diggi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kalgo, kamar yawancin Arewa, a takarda ake naɗe irin wannan nama, babu rubutu, babu lambar da za a bi a janye shi. Wanda gyaɗa ke tayar wa da ƙaiƙayi ko kumburin leɓe, kariyarsa ita ce tambayar mai nama kafin ya ci. Idan numfashi ya fara sarƙewa, sai a garzaya asibiti nan take.