Bayanan kotu a Najeriya

Bayanan kotu su ne rubuce-rubuce da takardun da kotu ke tarawa tana adanawa a kan kowace shari'a, tun daga ranar da aka shigar da ƙara har zuwa yanke hukunci. A Najeriya doka ta ɗauke su a matsayin takardun hukuma, kuma ofishin rajistara na kowace kotu ne ke riƙe da su. Da su ake kafa hujja cewa an raba gado, an raba aure, an mallaka wa wani fili, ko an wanke wanda ake tuhuma. Samun su ya danganta da matsayin mai nema: masu shari'a suna da haƙƙin da tsarin mulki ya ambata ƙarara, sauran jama'a kuma suna nema ne ta wasu dokoki masu iyakoki.

Abin da kundin shari'a ya ƙunsa

Kowace ƙara tana da lamba, wadda yawanci take nuna kotun da shekarar da aka shigar da ita. A ƙarƙashin wannan lamba ake ajiye takardar ƙara ko tuhuma, sammaci da shaidar isar da shi, takardun rantsuwa, kayan shaida da aka karɓa, umarnin da kotu ta bayar a tsakiyar shari'a, da hukuncin ƙarshe. Mafi muhimmanci shi ne littafin da alƙali ke rubuta abin da ya gudana a kowane zama: wanda ya halarta, abin da shaidu suka faɗa, da ranar da aka ɗage zama zuwa gare ta.

Manyan kotuna suna rubutu da Turanci. Kotunan Shari'a da dama a Arewa kuwa suna sauraron ƙara da Hausa kuma suna rubutawa da ita, don haka sai an fassara kundin idan ƙara ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya.

Tarihi

A farkon mulkin Turawa a Arewa, kotunan alƙalai da majalisun shari'a na sarakuna suna rubuta hukunce-hukuncensu da Larabci. Bayanan majalisar Sarkin Kano Abbas na shekarun 1913 da 1914 suna cikin waɗanda suka tsira, kuma masanin tarihi Allan Christelow ya fassara wani ɓangare nasu ya wallafa a 1994. Akwai tsofaffin takardu na wancan zamani a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda masu bincike ke duba su.

A ƙarshen shekarun 1960 aka soke kotunan sarakuna, aka maye gurbin kotunan En'e da kotunan yanki a ƙarƙashin sashen shari'a na jihohi. Daga 1999, bayan Jihar Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a, jihohin Arewa da dama sun mayar da kotunan yanki kotunan Shari'a.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a yi zaman kotu a bainar jama'a. Ƙaramin sashe na 7 ya wajabta wa kotu ta rubuta abin da ya gudana a shari'ar laifi, ya kuma ba wanda ake tuhuma, ko wakilinsa, haƙƙin karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7 da kammala shari'a. Sashe na 294 ya umarci kotunan da tsarin mulki ya kafa su yanke hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, su kuma ba ɓangarorin kwafi cikin kwana 7.

Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 102, ta sanya bayanan ayyukan kotu cikin takardun hukuma. Sashe na 104 ya ce jami'in da ke riƙe da takardar da mutum yake da ikon dubawa, tilas ya ba shi kwafi idan ya nema ya kuma biya kuɗin da aka ƙayyade.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a ranar 28 ga Mayu, 2011, ta shafi hukumomin ɓangaren shari'a ma. Mai nema ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, wanda aka hana yana iya garzayawa kotu cikin kwana 30, kuma hana bayani ba bisa ƙa'ida ba laifi ne da tararsa ta kai naira 500,000. An daɗe ana jayayya kan ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025, a wata ƙara daga Jihar Edo, cewa ta hau kansu.

Yadda ake neman kwafi

Mai nema yakan rubuta wa rajistara takarda, ya ambaci lambar ƙara, sunayen masu shari'a da takardar da yake so. Ana ƙiyasta masa kuɗi, ya biya ya karɓi rasit. Kwafin da kotu ke amincewa da shi shi ne wanda lauyoyi ke kira CTC, wato wanda jami'i ya rubuta a ƙasansa cewa daidai yake da na asali, ya sa kwanan wata, sunansa, muƙaminsa da hatimi. Hoton takarda da ba a tantance haka ba, ana iya ƙin karɓarsa a matsayin shaida ko da abin da ke cikinsa gaskiya ne.

Hukunce-hukuncen manyan kotuna sun fi sauƙin samu, domin ana buga su a littattafan rahoton shari'a, kamar NWLR da lauya Gani Fawehinmi ya kafa a 1985. Na ƙananan kotuna kuwa sai an je kotun da ta yanke su.

Abin da ba a bayyanawa

Sashe na 36 ya ba kotu damar fitar da 'yan kallo saboda tsaron ƙasa, zaman lafiya, tarbiyyar al'umma, kare waɗanda ba su kai shekara 18 ba, ko kare sirrin masu shari'a. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana wallafa abin da zai bayyana yaron da ake tuhuma. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ita ma ta ba da damar hana bayanin da ya shafi sirrin mutum ko wanda zai kawo cikas ga adalci a shari'ar da ke gudana.

Muhimmancinsu a ɗaukaka ƙara

Kotun ɗaukaka ƙara ba ta cika sake sauraron shaidu ba. Kundin kotun ƙasa take karantawa, abin da babu shi a ciki kuma ba ta ƙaddara cewa ya faru. A shari'ar Amina Lawal, wadda kotun Shari'a ta Bakori ta yanke wa hukuncin jefewa a watan Maris na 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta soke hukuncin a ranar 25 ga Satumba, 2003. Cikin dalilanta akwai cewa alƙali shi kaɗai ya zauna a shari'ar farko, alhali dokar jihar ta tanadi ya zauna da mambobi biyu.

Matsaloli

Har yanzu alƙalai da yawa da hannu suke rubutu, abin da ke jawo jinkiri wajen bugawa da harhaɗa kundi, duk da cewa Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta halatta naɗar zama da na'ura. Ajiye komai a takarda yana da haɗari: lokacin da aka ƙona Babbar Kotun Igbosere da ke Legas a watan Oktoban 2020, fayil-fayil masu yawa sun salwanta. Idan kundi ya ɓata aka kasa harhaɗa shi daga kwafin da ke hannun lauyoyi, kotun sama tana iya umartar a sake shari'ar daga farko.