Eddie Constantine na Treichville

Abijan ta tashi ne a 1950, shekarar da aka buɗe mashigin ruwan Vridi, manyan jiragen ruwa suka fara shiga tafkin Ébrié har bakin gari. Aiki ya samu, labari ya kai Arewa, samari suka yi ta kwararowa daga Nijar, Mali da ƙasar Mosi. Turawa na zaune a Plateau, baƙin kuwa suka rabu gida biyu: wasu a Adjamé, unguwar kasuwa da tashar mota, wasu a ƙetaren ruwa, a Treichville. Hausawa da Zabarmawa suka kama dako, talla da fataucin goro. Da rana buhu a ka, da dare kuma wanda ya samu 'yan canji sai gidan silima.

A farin allon nan ne suka haɗu da Eddie Constantine.

An haife shi a Los Angeles ta Amurka, mahaifinsa ɗan Rasha, mahaifiyarsa 'yar Folan. Waƙa ya koya, amma ƙasar haihuwarsa ba ta karɓe shi ba, sai ya haɗa kayansa ya nufi Paris bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shahararriyar mawaƙiya Édith Piaf ce ta ja hannunsa, ta sa shi a wasan waƙa na La P'tite Lili a 1951. Bayan shekara biyu ya fito a fim ɗin La Môme vert-de-gris a matsayin Lemmy Caution, ɗan sandan ciki na Amurka da marubucin Ingila Peter Cheyney ya ƙirƙira. Fuska mai zanen ƙuraje, malafa a karkace, sigari a gefen baki, Faransanci mai karin Amurkawa, ga naushi da ba ya kuskure. Faransa ta rungume shi har ya zama ɗan ƙasa, faya-fayansa suka cika kasuwa, finafinansa kuma suka bi jirgi zuwa ƙasashen da Faransa ke mulka.

Ga ɗan ci-rani a Treichville, abin sha'awar a fili yake. Ga baƙo a ƙasar wasu, harshensa bai gama nuna ba, amma ba mai taka shi ya kwana lafiya. Samarin unguwar suka riƙa raɗa wa kansu sunayen taurari, har sunan aro ya danne na yanka.

A 1957 Jean Rouch, Bafaranshen da ya daɗe yana aiki a Nijar, yana Abijan yana binciken yadda mutane ke ƙaura zuwa bakin teku. Cikin masu taimaka masa akwai Oumarou Ganda, haifaffen Yamai a 1935, wanda ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, ya yi yaƙin Indoshin, ya dawo ba aiki, ya ƙare a dakon tashar jiragen ruwa. Rouch ya ɗauki kyamara ya bi Ganda da abokansa lungu-lungu. Ganda ya fito da sunan Edward G. Robinson, Alassane Maïga direban tasi ya zama Tarzan, wata budurwa ta zama Dorothy Lamour. Petit Touré kuwa, mai yawon tallar yadi, shi ne Eddie Constantine, kuma da bakinsa yake kiran kansa Lemmy Caution.

Kyamarar ba ta ɗaukar murya. Saboda haka bayan an harhaɗa hotunan, sai aka zaunar da Ganda da Touré a gaban majigi, suna kallon kansu suna faɗin abin da ya zo musu a rai. Wannan ne ya ba fim ɗin Moi, un noir ɗanɗanonsa. Mai kallo na jin Robinson yana ƙorafin tsayuwa a ƙofar neman aiki tun asuba, yana mafarkin zama zakaran dambe. Mai kallo na ganin Eddie ranar Lahadi, fes da shi, ya tsaya bakin coci yana kallon 'yan mata, da yamma kuma ya lashe gasar rawar gumbe. Daga ƙarshe Eddie ya yi rigima da ɗan sanda, aka yanke masa wata uku a gidan kaso. Lemmy Caution na Paris bai taɓa shan kaye ba, na Treichville kuwa yana ƙarƙashin dokar mulkin mallaka. Fim ɗin ya rufe da Robinson a bakin tafki, yana faɗuwa yana tashi, yana kwatanta wa ƙaramin abokinsa yadda aka yi yaƙin Indoshin.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958. Jean-Luc Godard, wanda a lokacin sharhin finafinai yake rubutawa, ya yabe shi matuƙa, kuma salon ɗaukar hoto a kan titi ya shiga jinin sababbin daraktocin Faransa. A 1965 Godard ɗin ya ɗauki Eddie Constantine na ainihi ya maido da Lemmy Caution a fim ɗin Alphaville. Daga baya Constantine ya koma yin aiki a Jamus, ya rasu a Wiesbaden a 1993.

Babbar ribar kuwa Nijar ce ta kwashe ta. Ganda ya koma Yamai da niyyar ba da labarinsa da hannunsa, ya koyi aikin fim a Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar. Fim ɗinsa na farko, Cabascabo, labarin tsohon sojan Indoshin ne da abokan cin mushe suka cinye masa kuɗin sallama. An nuna shi a Cannes a 1969, ya kuma samu kyauta a Masko. A 1972 Le Wazzou polygame ya zama fim na farko da ya ɗauki babbar kyautar Étalon de Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu. Saïtane da L'Exilé suka biyo baya, kafin ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981. Babbar cibiyar al'adu ta Yamai tana ɗauke da sunansa, haka ma kyautar da FESPACO ke bai wa daraktan da ya yi fice a fim ɗinsa na farko.