Gobarar Yellowstone ta 1988 da Dajin da Ya Tashi Daga Toka

A watan Agustan 1910, gobara ta cinye daji kimanin eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana na Amurka cikin kwana biyu, ta hallaka mutane fiye da 80. Tun daga nan hukumar gandun daji ta ƙasar ta ɗauki wuta abokiyar gaba. A 1935 ta kafa ƙa'ida: duk wutar da aka kawo rahotonta, a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari.

Sannu a hankali masana suka gane cewa wasu dazuzzukan da wuta suka saba rayuwa. Shi ya sa a 1972 gandun Yellowstone ya fara ƙyale wutar da tsawa ta tayar ta ci ta mutu da kanta.

Sai ga shekarar 1988 da fari mai tsanani da iska mai ƙarfi. Ranar 20 ga Agusta kaɗai, sama da eka dubu 150 suka ƙone. Mutum kusan dubu 25 suka shiga aikin kashe wutar, aka kashe dala miliyan 120, amma dusar ƙanƙarar 11 ga Satumba ce ta karya lagonta. Kashi 36 cikin ɗari na gandun ya ƙone. Jama'a suka ce an gama da Yellowstone.

In muka dubi abin da ya biyo baya, za mu ga ba haka ba ne. Itacen da ya fi yawa a can, lodgepole, yana ɓoye wani ɓangare na irinsa cikin kwanso da ƙaro ya manne, ba ya buɗewa sai zafin wuta ya narkar da ƙaron. Irin ya zubo kan toka, ga rana babu inuwar da za ta tare shi. Cikin 'yan shekaru ƙananan itatuwa suka rufe ƙasa.

Amma kada mu yi saurin murna. A da, tsakanin babbar gobara da wata a wannan daji akan yi shekara 100 zuwa 300. A 2016 wuta ta sake cin wani yanki da ya ƙone a 1988, itatuwan ba su wuce shekara 28 ba, ba su tara iri mai yawa ba, sabon tsiro ya ragu ƙwarai. Yanzu da zafi da fari ke ƙaruwa, tambayar da ke gabanmu ita ce ko daji zai riƙa samun lokacin girma kafin wuta ta dawo.